Jikan Dukawa a Bakin Kogin Tweed

A kudancin Sikotlan, yankin da kogin Tweed ya ratsa kafin ya zama iyaka tsakaninsu da Ingila, akwai dattawa masu furfura da jikoki waɗanda ba ka jin muryarsu a zancen siyasa ko tsadar gas, amma ka taɓo maganar kakin da ake shafa wa zare sai ka ga jijiyar wuya ta miƙe. Ɗan dunƙulen kaki fa nake nufi, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Da idona na ga mutum biyu da suka yi firamare tare sun daina zama a benci ɗaya a kansa.

Bari in faɗi abin da suke yi da shi, kada a ce sharri nake musu. Kifin da suke bi, tirawut, yana cin ƙananan ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a cikin ruwa su taso sama. Mai hankali tana zai haƙo ya soka a ƙugiya ya nemi wuri ya zauna. Su kuwa a wajensu wannan zubar da girma ne. Sai su ɗauki 'yar ƙugiya su naɗe ta da zaren alharini, su ɗaura mata gashin wuyan kaza a matsayin ƙafafu, su aza mata fiffike, har ta fito ƙwaro sak. Daga nan su shiga ruwan sanyi har ƙugu suna wurga wa kifi, ko Allah zai sa ya ruɗu. Ba yau suka fara ba, tun 1496 aka buga littafi a Ingila mai bayanin ƙwarin ƙarya goma sha biyu, kowanne da watan da ake jefa shi. Doka kuma ta rufe kamun tirawut daga 7 ga Oktoba zuwa 14 ga Maris, saboda haka duk tsawon hunturu ba su da sana'a sai ɗaura ƙwari da musu a kan kaki.

Karatun saƙa da rini ne ya kai ni yankin, ni da iyalina, muka kama haya a hawa na biyu a wani ƙaramin gari da duhu ke rufewa tun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Maƙwabcinmu na ƙasa tsohon mai raba wasiƙu ne da ya yi ritaya, dogo mai jan hanci, wanda na laƙaba wa Sarkin Ruwa. Shi ya ga kaɗaici na neman kayar da ni, ya ja ni zauren da suke haɗuwa duk daren Laraba. Tebura a jere, kowa da fitilarsa da tabarau a kan karan hanci, ga fatun kaji da kunnuwan zomaye da wutsiyoyi a baje. Da a gida aka shigo aka same mu haka, ba wanda zai yarda kifi muke nema.

Sarkin Ruwa ya ɗaga wani baƙin dunƙule ya ce, "Ka san wannan, yaro? Kakin masu ɗinkin takalmi ne."

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce ai ni jikan dukawa ne, a unguwar Dukawa ta birnin Kano kakana ya rayu ya rasu, da warin fata da kakin zuma aka yaye ni, ga shi kuma yanzu zare nake karantawa a jami'a. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ban ga dalilin faɗa ba shi ne ban taɓa riƙe basilla ba, don tun ina ƙarami aka tura ni boko. Amma ai gado ba ya jiran atisaye. Zauren ya yi tsit. Wani tsoho a ƙarshen tebur ya cire tabarau ya dube ni da girmamawa. Kafin a tashi an yanke shawara: tunda Allah ya kawo musu gwani har gida, ni zan ɗaura musu Greenwell's Glory a zaman ƙarshe kafin buɗe kamu, kowa ya gani ya ƙaru.

Wannan ƙwaro shi ne abin tinƙahon kogin. A 1854 wani limamin coci daga Durham, William Greenwell, mutumin da ya raba rayuwarsa tsakanin coci da fatsa da tonon kaburburan mutanen dā don binciken tarihi, ya zo Tweed ya tarar kifi na cin wani ƙwaro, sun ƙi ko kallon nasa. Ya je wurin James Wright, gwanin ɗaura ƙwari na ƙauyen Sprouston kusa da Kelso, ya ce a kwaikwaya masa. Abin da Wright ya fitar shi ake ɗaurawa har yau. Fiffiken daga gashin macen wani baƙin tsuntsu na lambu ne, wanda yanzu doka ta kare shi, sai dai a nemi madadi. Ƙafafun gashin kaza ne ja mai baƙin tsakiya, ana kuma naɗa wa jikin siririyar waya mai ruwan zinare. Jikin kansa zaren alharini ne rawaya, kuma a nan gizo ke saƙar. Ƙwaron gaske ba rawaya ba ne, launinsa tsakanin kore ne da ruwan ƙasa, kuma ba a rina zaren. Kaki ake ja masa har rawayar ta dushe ta koma wancan launi. Kaki ya yi kaɗan, ƙwaronka ya fito ana hango shi daga kan gada. Ya yi yawa, ya koma baƙi, ka yi asarar alharini.

Ban da launi, kaki ne ke sa zare ya kama ƙarfen ƙugiya kada ya zame, ya riƙe gashi inda aka aza shi, ya kuma kare alharini daga ruwa. Mutanen dā da yatsu kawai suke ɗaurawa, ba ƙarfen matse ƙugiya, ba abin rataye zare. In kakinka ba ya kamu, kana sakin zare don sosa hanci duk aikin ya warware.

Su Sarkin Ruwa sun tsaya a kan kaki mai tauri irin na kakanninsu, wanda sai ka ɗumama shi kafin ya saurare ka. Akwai 'yan bututu, masu sayen wani mai laushi da yauƙi da ake murzowa daga ƙasa, wanda asalin aikinsa manna gashin zomo a jikin zare. Tsakanin waɗannan biyu ake yaƙin. Sai wani tsohon injiniya da ke zama shi kaɗai kusa da ƙofa, wanda ya ce zaren nailan na zamani da kakinsa yake fitowa daga masana'anta, kuma tunda yake kifi bai taɓa aiko masa da takardar ƙorafi ba. Ya fi kowa kamu a zauren, kuma ba a yafe masa wannan ba.

Washegari na shiga shagon kayan fatsa na ce a ba ni kaki. Mai shagon ya ce, "Na wane aiki?" Gwani ba ya son a yi masa irin wannan tambayar a gaban mutane. Na nuna bututun da ya fi tsada na biya na fito.

Da daddare na baje kaya a teburin cin abinci, na laftawa zare kakin nan ba rowa. Rawayar ba ta ko gezau ba, sai dai zaren ya koma sulɓi yana kama duk abin da ya gifta. Na taɓa gashin kaza ya bi yatsana. Na sa ɗaya hannun in cire, ya koma can. Na sa haƙori, ya zauna a leɓe. Ledar gashin zomo na buɗe a gefe, na yi atishawa a kanta, abin da ya tashi ya sauka a gemuna da hannun rigata da ƙugiyar baki ɗaya. Da na gama, abin da ke kan ƙugiya ya fi ƙarfin a kira shi ƙwaro. 'Yata ta leƙo ta ce, "Baba, ya mutu ne?" Uwargida ba ta ce komai ba, ta ɗauke kwanon miya daga kusa da ni ta rufe.

Da Sarkin Ruwa ya hawo ya ga bututun a kan tebur, ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin fata, ya ɓantaro mini daga nasa. Ya ce mahaifinsa ne ya dafa shi da hannunsa. Ya haɗa mini da ƙwarya guda ta alharinin Pearsall's, wanda an daina yin sa, dattawan yankin kowa ya ɓoye nasa a inda matarsa ba ta sani ba. Ya ce, "Ka ɗumama shi da jikinka, ka aza zare a kai, ka danne da babban yatsa, ka fizge da sauri. Zafin gogar ne ke narkar da shi."

Ban tsaya ɗumamawa ba, don a ganina wannan sharaɗin na masu koyo ne. Kakin da ya kwana a sanyin Sikotlan dutse ne. Na fizga, zare ya tsinke. Na sake, ya tsinke. Ina ji ina gani alharinin da ba a sake yin irinsa yana ƙarewa guntu-guntu a ƙasan tebur. A zaman Laraba na saci kallon yadda suke yi. Wani ya manna nasa a gindin yatsa, wani a aljihun ƙirji, shi kuwa tsohon nan mai tabarau a kunci yake ajiye nasa, abin da na ɗauka tun farko alewa yake tsotsa.

Wata Juma'a da safe na zauna atisaye, na duba jikina ina neman inda ya fi ɗumi, sai na tuna Allah ya ba Bahaushe ma'ajiyar da Bature bai san da ita ba. Na tura dunƙulen cikin hulata zanna na mayar a ka, na ce bari in ba shi minti biyar. Sai uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, jirgi fa zai wuce ka." Masallacin da nake Juma'a a Edinbara yake, tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa. Na samu kujera daidai kan hita, waje ana zabga sanyin Janairu, na yi gyangyaɗi mai daɗi har tasha.

A wurin alwala na wanke hannu, na kuskure baki, na shaƙa ruwa, na wanke fuska da damatsa, na kai hannu zan ture hula in yi shafar kai. Hula ta ce ba ta san zancen ba. Na ƙara ƙarfi. Bayanta ya ɗaga, gaban kuwa ya taho da gashina da fatar goshina har girata ta ɗage, wasu baƙaƙen zaruruwa suka miƙe tsakanin kaina da hular. Wani dattijo ɗan Pakistan da ke gefena ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙarƙashin famfo yana kallon ikon Allah. Ana cikin haka sai ga wani ɗalibi Bazazzagi da muke gaisawa.

"Yallaɓai, lafiya? Ciwo ne?"

"Kaki ne."

"Kaki kuma? Na mene ne?"

"Na kifi."

Ya yi ɗan shiru, bai ƙara tambaya ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda wannan. Ya ruga wani gidan abinci da ke kusa ya roƙo man suya a kofin takarda, domin ƙaron da ke cikin kakin ba ya jin ruwa ba ya jin sabulu, sai mai. Muka yi ta murzawa yana cewa "sannu, Yallaɓai" yana cije leɓe, har liman ya hau mumbari. Na shiga sahu ina ƙamshin katako da soyayyen dankali. Abin da mai bai cire ba reza ta cire da daddare, aka yi mini ƙwal-kwabo a tsakiyar hunturu. Hular ta tafi kwandon shara da gadon mahaifin Sarkin Ruwa a cikinta. Duk mai neman wanda zai ɗora wa laifi ya je ya nemi wanda ya ƙure hitar jirgi.

Ba fuskar komawa in roƙi wani kakin, sai na kira Kawu a waya, shi kaɗai ya rage a zuriyarmu da ke dukanci a kasuwar Kurmi. Bayan gaisuwa da tambayar iyali na zayyana masa komai.

"Tsaya, ɗan nan, in fahimta. Gashin kaza kake ɗaura wa ƙugiya?"

"Haka ne, Kawu."

"Ina naman kazar?"

"Ai gashin kawai ake saya."

"Shi kifin ba ya cin tana ne?"

"Yana ci, Kawu."

"To?"

Ban da amsa, don ni ma na taɓa yin wannan tambayar a zauren aka yi kamar ba a ji ba. Ya tambaya ko wannan yana cikin karatun da aka tura ni, na ce yana da alaƙa. Ya yi tsaki, sannan ya ce badukun ƙwarai ba ya sayen kaki a kanti, wurin masu zuma yake samowa ya narka ya tace da kansa. "Ka hura wuta ka yi naka. Kada ka kunyata mu a gaban Turawa." Umarnin babba ne, a lura da wannan.

Haɗin da masu abin suka fi yarda da shi suna kiransa 7-2-2: kashi bakwai na ƙaron itacen fayin, irin wanda masu gogen Turawa ke shafa wa izga, kashi biyu na kakin zuma, kashi biyu na man zurma. Ƙaro ne ke kamu, kakin zuma ke ba shi jiki, mai ke tausasa shi. Lokacin sanyi a ɗan ƙara mai, lokacin zafi a rage. Na dā da kitse suke yi, masu son baƙi kuma su jefa ɗan baƙin ƙaron da ake samu daga ƙona itace. Na samo ƙaro da kakin zuma, man zurma ne ban samu ba, amma ga kwalbar man shanu da aka aiko wa uwargida daga gida tana zaune a firji ba aikin fari ba na baƙi.

Na ɗan bugi cikin Sarkin Ruwa da sunan muhawara, ya ce sharaɗin ba shi da yawa: a tsohon gwangwani, a waje, wuta ƙasa-ƙasa, kuma kada ka matsa ko nan da can. To, ranar ruwa ake yi a karkace, gwangwanayen kuma an kwashe su da shara tun safe. Uwargida ta fita da yara sayayya. A kan kanta ga tukunyarta ta dalma mai kauri, wadda mahaifiyarta ta sa mata a kayan ɗaki, wadda muka biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi saboda ita, wadda ba a tuƙa tuwo sai a cikinta. Ni a matsayina na masanin kayan aiki na ga ba abin da zai rarraba zafi daidai irinta.

Kakin zuma bai ba ni wahala ba, da zafi ya kai wajen digiri 63 yake sallamawa. Man shanu ma ya bi. Ƙaro ne ya zauna a tsakiya ya ƙi motsi, sai na murɗa murhu zuwa ƙarshe don in taimaka masa. Daidai nan waya ta yi ƙara a falo, Kawu ne yana son jin yadda ake ciki. Ba a katse wa babba magana, musamman in ya shiga labarin yadda kakanmu ya ɗinka wa wani hakimi sirdi.

Tun watan Fabrairun 2022 doka ta wajabta wa kowane gida a Sikotlan ƙararrawar hayaƙi masu haɗe da juna, in ɗaya ta fara kuka sauran su ɗauka. Na shaida suna aiki. Kafin in isa kicin wani farin hayaƙi mai yaji ya cika zaure, na lalubi marfi na kifa wa tukunya na kashe murhu ina tari. Matar da ke samanmu ba ta jira bayani ba, ta buga 999. Cikin 'yan mintuna duk mutanen benen muna tsaye a bakin titi cikin ruwa, wata da karenta a hannu, wani da kumfar sabulu a kunne, ni da ƙwal-kwabo, ga jar mota tana walƙiya.

Can sai ga wani ƙaton ɗan kwana-kwana ya sauko riƙe da tukunyar da safar hannu. Ya ɗaga marfi ya sunsuna, ya ce ta wace ce. Na matso ina shirya jawabin kare kai. Ya dube ni ya ce, "Na Greenwell ne?"

Na ce eh.

Ya tsoma tsinke ya ɗago ya bar shi ya huce, ya murza a yatsa. "Ƙaron ya yi yawa. Ni ba na wuce kashi shida."

Sarkin Ruwa, wanda ke tsaye da silifas da rigar barci ruwa na zuba daga hancinsa, ya ce, "Bakwai."

"Shida, in kana son ya yi aiki a watan Maris."

"Mahaifina bakwai yake sawa tun ba a haifi ubanka ba."

Suna cikin haka a gindin motar kwana-kwana, kowa na ɗaga tsinke, uwargida ta karyo kwana da yara da ledojin sayayya. Ta dubi motar, ta dubi taron, ta dubi tagarmu da ke fitar da hayaƙi. A ƙarshe idonta ya sauka a kan tukunya. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam," ta ce, "sannu da aiki."

Sarkin Ruwa ya ce ba za a bar arziki ya daskare ba. Ya ja ni rumfar bayan gidansa ya ɗebo bokitin ruwan sanyi, muka juye abin da ya rage a ciki. Da ya huce yadda hannu zai iya, ya ce in jiƙa tafi in ɗauko in ja. Aka shiga ja ana ninkewa, ana ja ana ninkewa, kamar yadda mai alewa ke yi kafin ya yayyanka. A ƙa'ida jan nan ne ke shigar da iska ya mayar da kaki fari-fari mai sheƙi. Nawa da ya sha wuta ya tsaya a launin ƙasa mai duhu ya ƙi gaba. Muka mulmula shi ƙanana muka jera a takarda. Tukunya kuwa an kankare, an jiƙa, an tafasa, amma tuwon farko da aka gwada a cikinta yara suka ce ɗanɗanon fensir yake. Yanzu tana baranda an shuka mata na'ana'a.

Daren alkawari zauren ya cika, har da ɗan kwana-kwanan nan a bencin baya. Na manna kakina a gindin yatsa har ya yi laushi, na aza alharini na danne na fizge, na sake, na sake. Rawayar ta dushe a gaban idonmu ta koma launin nan da suke mafarki, ba ƙari ba ragi. Tsoho mai tabarau ya ciro nasa daga kunci ya dube shi da baƙin ciki. Aka yi ta miƙa guntun zaren hannu zuwa hannu ana ɗagawa a fitila. Ƙwaron da na ɗaura a bayan haka fiffikensa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon rufi, wayar zinaren ta taru a wuri guda, amma ba wanda ya kula, duk suna kan kaki. Suka ce in ba su ma'auni. Na ce sirrin dukawa ne, ba a faɗa wa bare. Ko da na so faɗa, ban san tsawon labarin sirdin Kawu a minti ba, kuma shi ne rabin haɗin. Injiniya ya karɓi dunƙule ɗaya ya sunsuna ya ce shi dai warin man shanu yake ji, aka yi masa ca.

A watan Afrilu, lokacin da ƙwarin ke tasowa wajen tsakar rana, muka yanki takardar izini muka sauka kogi. An ara mini wandon roba mai haɗe da takalmi wanda mai shi ya fi ni tsawo da kamu guda. Jifan farko na kama reshen bishiya, na biyu na kama hular Sarkin Ruwa. Injiniya yana can ƙasa da mu da zarensa na masana'anta, sandarsa na lanƙwasawa a kai a kai, kowa ya juya masa baya. Ana nan sai na ga ruwa ya ɗan motsa daidai inda karkataccen ƙwarona yake, zare ya miƙe, sanda ta fara rawa a hannuna. Ihun da na yi da Hausa na yi shi. Sarkin Ruwa ya sa 'yar komarsa ya ɗago shi: tirawut mai ruwan zinare, da jajayen ɗigo a gefe, tsawonsa ya kusa daga yatsana zuwa gwiwar hannu.

Tuni na zaro ledar da na ɓoye a aljihu, ina lissafin farfesu da attaruhu da citta, da yadda fuskar uwargida za ta saki in na aje shi a gabanta. Sarkin Ruwa ya jiƙa hannu ya zare ƙugiyar a hankali ya ce, "Maza ɗauki hoto." Na ɗauka. Sai na ga ya sunkuya ya mayar da shi ruwa, ya riƙe shi yana fuskantar igiyar ruwa.

"Baba, me kake yi?"

"Yana hutawa."

"Ai a gida zai huta!"

Ya buɗe tafinsa. Kifi ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Dattijon ya miƙe ya kama hannuna ya girgiza, idonsa har da ƙwalla, ya ce ranar nan ba zai manta da ita ba. Ni ma haka.

Da na koma gida na tarar da uwargida a kicin, na miƙa mata waya. Ta goge hannu ta buɗa hoton da yatsu biyu ta duba da kyau.

"Ma sha Allah, ƙato ne. Yana ina?"

"An sake shi."

"An sake shi."

"Haka al'adarsu take."

Ta miƙo mini wayar. "Gara da aka sake shi, Malam. Da ka kawo, a wace tukunya?"

Ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwo a kaskon suya.